Wai ina Kodak, ina Minolta, ina Olympus? Wa ya ci kasuwar kyamara?

Sabon Hannu:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga manyanmu. Na ci karo da alƙaluman CIPA, ƙungiyar nan ta kamfanonin kyamara na Japan, wai a 2010 sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a shekara ɗaya, amma a 2023 ko miliyan 8 ba su cika ba. Tab. To wa ya cinye kasuwar, kuma me ya sa wasu suka tsira wasu suka bi ruwa? Ina Kodak, ina Minolta, ina Samsung, Olympus ma na ji an ce sun sayar da sashensu na kyamara. Sannan cikin waɗanda suka rage wa kuke ganin zai kai labari nan da shekara goma?

Sarkin Canon:
Wa alaikumus salam. Waya ta ci kasuwa, Canon ta kwashe abin da ya rage. Admin a rufe muhawara 😂

Nikon Har Abada:
An fara. Ko sallamar yaron ba a gama amsawa ba.

Kawu Mai Filim:
Ɗana ka raba lissafin nan gida biyu tukuna, in ba haka ba zai ruɗe ka. Wancan miliyan 120 ɗin, sama da miliyan 100 ƙananan kyamarorin aljihu ne, irin su Ixus da Coolpix da Cyber-shot, waɗanda ba a cire musu lensi. Su ne waya ta hallaka, a 2023 ba su kai miliyan 2 ba. Su kuwa masu canjin lensi ƙololuwarsu a 2012 ne, wajen miliyan 20, suka sauko wajen miliyan 6. Faɗuwa ce babba amma ba irin waccan ba. Casio da suka yi QV-10 tun 1995 ba su da komai sai na aljihu, shi ya sa a 2018 suka tattara suka bar harkar. Wanda yake da manyan kyamarori da lensi shi ya samu wurin fakewa.

Sabon Hannu:
Allah ya ƙara girma Kawu, na gane. Amma Kodak fa? Ni abin da nake ji kullum shi ne barci suka yi har dijital ya zo ya wuce su.

Injiniya:
Wannan maganar ta barci ita ce ta fi ɓata min rai wlh, kowa sai ya maimaita ta. Kyamarar dijital ta farko a cikin Kodak aka haɗa ta, wani injiniyansu Steven Sasson a 1975, hoton baƙi da fari ne kuma sai ya ɗauki daƙiƙa 23 kafin ya sauka kan kaset. A 1991 suka fitar da DCS wadda suka ɗora a jikin Nikon F3 don 'yan jarida. A 2001 suka sayi Ofoto, shafin ajiye hotuna a intanet, tun ba a san Facebook ba. Kai a 2005 ma su ne kan gaba wajen sayar da kyamarar dijital a Amurka. To ina barcin? Matsalar ita ce Kodak ba da kyamara suke cin abinci ba, da filim ne da takardar wanki da sinadarai, duk hoton da mutum ya ɗauka a duniya sai ya sake biya, ya sayi filim ya biya wanki ya biya bugawa, shi kuwa dijital sau ɗaya za ka sayar masa da kyamara a kan 'yar riba ƙanƙanuwa shikenan ba za ka ƙara ganinsa ba. Ko da sun zama na ɗaya a dijital har abada kuɗin ba zai riƙe kamfani mai girman nan ba. Janairun 2012 suka shigar da takardar karyewa.

'Yar Fuji:
To Injiniya ai Fujifilm ma da filim suke ci, me ya sa su ba su mutu ba? Nan ne nake ganin laifin shugabannin Kodak ɗin dai yana nan. Lokacin da kasuwar filim ta fara zubewa bayan 2000, shugabansu Shigetaka Komori ya sa aka zauna aka duba me suka iya in an cire hoto, aka ga sun ƙware a sinadarai da shimfiɗa abu siriri a kan leda, sai suka shiga yin fatar da ake sawa a allon talabijin da kwamfuta, da na'urorin asibiti, da magunguna, har man shafawa suka fitar a 2007 mai suna Astalift saboda ilimin da suke da shi kan kolajin, sinadarin da ke jikin filim da kuma fatar mutum. Kodak kuwa tun 1994 suka ware Eastman Chemical ya zama kamfani mai zaman kansa, a 2007 kuma suka sayar da sashen hoton asibiti. Wato abubuwan da za su cece su ne suka rabu da su.

Injiniya:
Wannan kam na yarda Hajiya. Amma ki lura ba kyamara ce ta ceci Fuji ba. Sai da suka tsira ta wata hanya sannan suka samu sukunin yin kyamarar X100 a 2011.

Sarkin Canon:
Man shafawa 😂 Hajiya kenan kamfaninku kanti ne

'Yar Fuji:
Oga naku kamfanin firinta ne da na'urar kwafi, kar ka sa in yi magana.

Kawu Mai Filim:
Ku bar wasa, abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma ya shafi kowa. Canon na da firinta, a 2016 kuma suka sayi sashen kayan asibiti na Toshiba. Sony na da PlayStation da waƙa da sensa, wato abin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamarar dijital a madadin filim. Ricoh mai Pentax kayan ofis ne. A cikin manyan Nikon ce kyamara ta fi yi wa nauyi a lissafi, ɗaya ƙafar tasu ita ce injinan buga kwakwalwar kwamfuta, can ma ASML na Holan ya ƙwace kasuwar. Shi ya sa duk lokacin da kasuwa ta girgiza Nikon ake fara yi wa jaje.

Amma ni abin da nake so yaran nan su gane shi ne labarin lensi, don a nan mulki yake canja hannu. Mutum ba ya auren kyamara, lensi yake aure. In ka tara lensi biyar shida masu baki iri ɗaya, wato wurin da lensi ke ɗauruwa a jikin kyamara, ka ɗauru kenan. A zamaninmu Nikon ce sarauniyar ƙwararru, bakin F tun 1959. Sai Minolta suka zo a 1985 da 7000, mai kama fokas da kanta, duniya ta rikice. Canon suka duba bakinsu na FD suka ga ba zai kai su ko'ina ba, a 1987 suka jefar da shi gaba ɗaya suka kawo EF, moto a cikin lensi, komai da lantarki. Masu tsofaffin lensin FD suka yi ta tsinuwa, wasu har yau ba su huce ba. Nikon suka ce su ba za su ci amanar mutanensu ba, suka riƙe F suna yi masa kwaskwarima. Kafin a ankara, a shekarun 1990 in ka kalli gefen filin wasanni farin lensi ne reras, na Canon. Wanda ya yarda ya ɓata wa kwastomominsa rai na ɗan lokaci shi ya ci shekara ashirin da suka biyo baya.

Nikon Har Abada:
Kawu da girmanka amma ka tsallake D1 ta 1999, ka tsallake D3 ta 2007 wadda ta dawo da 'yan jarida da yawa gida saboda yadda take gani a duhu. Ba wai mun kwanta ba ne.

Kawu Mai Filim:
Ban tsallake ba ɗana, D3 kyamara ce. Amma Canon sun riga ku sensa mai cikakken faɗi, wato mai girman filim 35mm, da shekara biyar, 1Ds tun 2002, kuma 300D ta 2003 da ta sauko ƙasa da dala dubu ita ta jawo talakawan masu hoto.

Sabon Hannu:
To ita Minolta da ta fara abin ina ta shiga?

Injiniya:
Honeywell na Amurka suka maka su a kotu kan fasahar fokas ɗin, a 1992 suka biya sama da dala miliyan 100. Suka haɗe da Konica a 2003, suka makara a dijital, a 2006 suka miƙa wa Sony harkar. Don haka duk mai riƙe da Alpha ta Sony yau jikan Minolta yake riƙe da shi. Kuma abin da Kawu ya faɗa shi ya sake faruwa sak, sai dai wannan karon Canon na cikin waɗanda suka noƙe. Sony sun gwada masu madubi a ciki, wato DSLR, sun ga ba za su taɓa kamo Canon da Nikon a nan ba, ba su da wata kasuwar da suke tsoron lalatawa, sai suka tafi marar madubi da ƙarfinsu, NEX a 2010, sannan A7 a ƙarshen 2013 da cikakkiyar sensa. Canon da Nikon fa? Nikon 1 a 2011 da 'yar mitsitsiyar sensa, EOS M a 2012 da lensi 'yan ƙalilan, kowa na yi da rabin zuciya don kar sabuwar ta cinye kasuwar DSLR ɗinsa. Sai 2018 Nikon suka fito da Z, Canon da R. Shekara biyar Sony na fili kusan ita kaɗai tana tara lensi, tana gyara fokas mai bin ido, ga shi tun 2011 sun buɗe wa masu yin lensi irin su Sigma da Tamron bayanan bakinsu na E. A 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya koma Sony gaba ɗaya, a shekarar ne kuma marasa madubi suka wuce DSLR a yawan fitarwa.

Sarkin Canon:
Duk na ji. Amma wa ke na ɗaya? Tun 2003 Canon ke riƙe da kambun masu canjin lensi, sama da shekara ashirin a jere. Mun makara mun zo mun tarar da su kuma ba a ture mu ba. Adafta ɗaya ka sa duk lensin EF ɗinka ya hau R yana aiki lafiya lau, shi ya sa mutanenmu ba su watse ba.

Mai Bidiyo:
Na ɗaya a yawa, eh. Amma oga ka faɗa wa yaron gaskiya kan bakin RF na kyamarorin R ɗinku, yadda aka hana wasu kamfanoni yin lensi mai fokas da kansa, sai a 2024 aka bar Sigma da Tamron su shigo, shi ma a ƙananan sensa. Mai Sony na da zaɓi kala-kala masu sauƙin kuɗi, kai kuwa sai abin da gida ya ba ka.

Sarkin Canon:
Kasuwanci ne malam. Ribar tana lensi, don me zan gina gida wani ya zo yana karɓar haya

Nikon Har Abada:
Ni dai a rubuta a ajiye, an yi mana jana'iza ba sau ɗaya ba. 2017 aka soke jerin ƙananan kyamarorin DL tun kafin su fito kasuwa, aka rufe masana'antar Wuxi a Chaina, lokacin korona aka tafka asara, aka kwashe ƙera kyamara daga Sendai aka mayar Tailan, kowa a intanet yana cewa Nikon ta gama. Sai ga Z9 a ƙarshen 2021, ba ta da shota ta ƙarfe, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an ɗauki hoto, kwata-kwata, kuma kuɗinta ƙasa da na kishiyoyinta. Sai Z8. Sai a 2024 aka wayi gari Nikon ta sayi RED, masu kyamarar sinima na Amurka, waɗanda a baya su ne suka kai Nikon ƙara kotu kan fasahar matse bidiyo. Wanda ya kai ka ƙara ka saye shi gaba ɗaya, in ba Nikon ba wa zai yi 😎

Injiniya:
Ka ji daɗinka amma ka tuna sensar da ke cikin da yawa daga kyamarorinku daga masana'antar Sony take fitowa. Haka Fuji, haka Hasselblad, haka iPhone. Wajen rabin kuɗin kasuwar sensa ta duniya Sony ke kwasa. Da girgizar ƙasa ta taɓa masana'antarsu ta Kumamoto a 2016 ai kamfanoni da yawa ne suka rasa kayan fitarwa. Wato wayar da ta kashe ƙananan kyamarori ma Sony na cin riba a jikinta. Canon ce dai ke yin yawancin nata sensar da kanta, wannan kam a ba su.

Sarkin Canon:
A ƙara faɗa da ƙarfi na baya ba su ji ba

Anti Lumix:
Ina karantawa tun ɗazu ina jira in ga wa zai ambaci waɗanda suka fara cire madubin, shiru. Panasonic G1, 2008. Olympus PEN, 2009. Shekara biyar kafin A7. Ku yi adalci mana.

Sabon Hannu:
Yauwa Anti, wannan ne ya ɗaure min kai. In wanda ya yi wuf ya rungumi sabon abu shi ke ci, me ya sa Olympus ba su ci ba?

Anti Lumix:
Ƙanena riga zuwa ba ya wadatarwa. Sun zaɓi ƙaramar sensa don kyamara da lensi su yi sauƙin ɗauka, hikima ce mai kyau a lokacin, amma sai waya ta taso daga ƙasa tana cinye masu son ƙaramin abu, Sony ta sauko daga sama da babbar sensa a ƙaramin jiki, aka matse su a tsakiya. Ga badaƙalar 2011, da shugabansu Michael Woodford ɗan Ingila ya tono asarar da aka ɓoye shekara da shekaru, wajen dala biliyan 1.7. Kuma su Olympus kuɗinsu na na'urar leƙa cikin hanji ne ta asibiti, kyamara asara take jawo musu, a 2020 suka sanar da sayar da ita ga Japan Industrial Partners, yanzu OM System ake kira. Masu hoton tsuntsaye da masu hawa duwatsu har gobe suna sonta. Panasonic kuwa suka bi ta bidiyo da jerin GH, a 2018 suka haɗa kai da Leica da Sigma a bakin L.

Kawu Mai Filim:
Samsung ma ai NX1 ta 2014 ta fi ƙarfin zamaninta, amma ba su da tarin lensi ba su da ƙwararrun da suka ɗauru da su, ga Galaxy na kawo kuɗin da kyamara ba za ta taɓa kawowa ba. Shiru kawai suka yi suka zare jiki.

Mai Bidiyo:
Ni fa duk wannan faɗan na Canon da Nikon da Sony gani nake faɗan jiya ne. Ku duba hannun masu yin bidiyo na YouTube da TikTok yanzu me suke riƙewa. DJI Osmo Pocket 3 ce tun da ta fito a 2023, ko Insta360, ko waya kawai. Canon 5D Mark II ta 2008 ita ta buɗe wa ƙananan masu shirya fim ƙofa, gaskiya ne, amma yaro mai tasowa yau ba ya son jin labarin adafta da lensi, so yake ya danna ya ɗauka hoton bai girgiza ba ya tura waya nan take. Kamfanonin Japan har yanzu manhajarsu ta haɗa kyamara da waya abin haushi ce. Ku tambayi GoPro yadda ta kaya, a 2014 suka shiga kasuwar hannun jari kowa na rububi, suka yi jirgi marar matuƙi mai suna Karma a 2016 aka janye shi saboda yana faɗowa, yanzu 'yan Chaina sun zagaye su ta ko'ina. DJI ɗin nan su ke da Hasselblad fa, kuma suna cikin ƙawancen L. Ga Viltrox da Laowa da TTArtisan a lensi. A hankali ake shigowa.

'Yar Fuji:
Amma Mai Bidiyo yaran da kake magana su ne suka sa X100V ta ɓace a kasuwa bayan ta yi tashe a TikTok, har ta hannu ta fi sabuwa tsada, X100VI ta fito a 2024 ita ma layi ake bi. Su ne ke sayen Instax, kyamarar Fuji mai fitar da hoto nan take, kamar hauka, su ne ke tono tsofaffin kyamarorin aljihu na iyayensu. Ricoh GR ma samu sai da rabo. Pentax har sabuwar kyamarar filim suka yi a 2024. Mutum ya gaji da hoton waya da manhaja ta lashe ta goge komai, yana son abu mai maɓalli a hannunsa. Alƙaluman 2024 ma sun ɗan ɗaga sama da miliyan 8.

Injiniya:
Daga 120 zuwa 8 da ɗoriya Hajiya, kar mu yi guɗa tukuna. Yayi ne, yayi kuma yana wucewa. Abin da ya riƙe kamfanonin nan shi ne sun daina neman yawa sun koma neman tsada, kyamara kaɗan riba mai kauri, ku duba Leica, ba ta taɓa damuwa da yawa ba kuma tana cikin shekarunta mafi kyau. Ni abin da ke damuna, da can yaro zai fara da 'yar D3000 ko Rebel mai arha, ya saba, ya sayi lensi na biyu, bayan shekaru ya zama ƙwararre a gidan da ya fara. Yanzu matakalar ƙasan nan ta sirance sosai. In yaro ya fara da waya ya wuce DJI, ta ina zai bi ya zo ya ɗauru da bakin Z ko RF? Masu sayen kyamarar dala dubu huɗu yau mutanen da aka kama tun zamanin arha ne, kuma suna tsufa.

Kawu Mai Filim:
Da ni kake ko Injiniya 😄

Injiniya:
Wane ni Kawu, tuba nake

Sarkin Canon:
R50 da R100 fa? Ai saboda sabbin shiga aka yi su. Mu ba mu bar ƙasa ba, shi ya sa muke na ɗaya.

Sabon Hannu:
To yanzu ni da nake shirin sayen ta farko, kun ƙara rikita ni. In ɗauru da wa kenan? Tsorona kar in tara lensi kamfani ya yi irin ta Samsung.

Anti Lumix:
Canon da Sony da Nikon da Fuji ba inda za su nan kusa, ka kwantar da hankalinka. Abin da za ka duba bakin ne, don kamfani na iya rayuwa ya kashe baki, Nikon 1 ta tafi, EOS M ta tafi, bakin A na Sony ya tafi, duk kamfanonin suna nan daram. Ka ga inda suke fitar da sabbin lensi a shekarun nan, can za ka bi. Ka fara rubuta lensi biyu da kake buƙata da kuɗinsu a kowane gida sannan ka zaɓi jiki.

Nikon Har Abada:
Ko ka sayi DSLR ta hannu, yanzu da kowa ke zubar da su lensin F sun yi araha, D750 har gobe tana aiki.

Mai Bidiyo:
Ka ga irinta ko, yaro na tambayar gobe kana tura shi bakin da aka daina yi wa sabon lensi.

Admin:
Jama'a shawarar saye a kai ta ɗaya zauren dan Allah, nan a tsaya kan kamfanoni. Sarkin Canon an goge hoton barkwancin da ka sa, ka san doka.

Sarkin Canon:
Admin ɗan Sony ne wlh, tun tuni na sani